Yadda ake fara farautar talotalon daji da kwari da baka a Amurka

Wanda ya san talotalo a tsakar gida kawai, yana kumbura yana jan fiffike, yara na yi masa fito yana amsawa, zai ɗauka farautarsa wasan yara ce. Ni ma haka na ɗauka. Shekarar da na fara, a tuddan kudu maso gabashin jihar Ohio, sau bakwai ina sammako zuwa daji, ko kibiya ɗaya ban saki ba. Ba don babu tsuntsun ba. Kusan kullum sai na gan shi, sai dai kullum shi ke riga ni gani.

Namijin na daji yakan kai kilo 8 zuwa 11, amma da wannan nauyin yana gudun kusan kilomita 40 a awa, in ya tashi sama kuwa ya haura 80. Hancinsa ba wani aiki yake ba, saboda haka ba ruwanka da inda iska ke kaɗawa kamar yadda ake yi wa barewa. Idonsa ne bala'i. Yana bambance launi, yana ganin kusan duk kewayensa ba tare da ya waiwaya ba, ko yatsa ka motsa ya gani. Mai bindiga kunama kawai zai taɓa. Kai mai baka sai ka ɗaga hannu biyu ka ja tsirkiya, alhali tsuntsun na tsaye taku 15 a gabanka. Duk abin da zan jero a nan, ƙarshensa dabarar jan bakan nan ne bai gani ba.

Akwai talotalon daji a jihohi 49, Alaska ce kaɗai babu, kuma kowace jiha da nata ƙa'idoji. Na Ohio zan riƙa kawowa tunda a nan nake.

Kayan da za ka tanada

Baka. Mai farawa ya nemi bakan zamani mai 'yan tayoyi a kai biyu. Amfaninsa shi ne da ka ja shi ya kai ƙarshe, sai nauyin ya sauka, abin da kake riƙe da shi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ba, ka iya tsayawa a haka kana jiran tsuntsu ya gyara tsayuwa. A nan da laba ake auna ƙarfin baka. Dokar Ohio ta ce kada ya gaza laba 40, wato kamar kilo 18. Masu harbin barewa kan kai 60 ko 70, amma don talotalo 45 zuwa 50 ya ishe ka. Kada girman kai ya sa ka sayi wanda sai ka ɗaga shi sama kana nishi kafin ya jawu. Ka je shagon masu baka su auna tsawon janka, su daidaita maka, ko da na hannu ka saya. Ka haɗa da abin sakin tsirkiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu, mai 'yar kunama. Wanda kafaɗarsa ke ciwo, akwai baka mai gindi irin na bindiga da ake ɗanawa a ajiye. Ohio ta yarda da shi muddin ya kai laba 75.

Kibau. Rabin dozin sun isa, waɗanda ƙarfinsu ya dace da bakanka. Baki iri biyu za ka saya masu nauyi ɗaya: mai tsini kawai na koyo, da mai reza na farauta. Na farautan akwai mai reza a tsaye, akwai wanda rezarsa ke naɗe sai ya daki nama ta buɗe. Ni na fi son mai buɗewa, mai faɗin inci ɗaya da rabi zuwa biyu, domin makasar talotalo ba ta fi babban lemo ba, faɗin reza na rufe maka ɗan kuskure. Doka dai ta ce kaifi biyu aƙalla, faɗi kuma kada ya gaza kashi uku cikin huɗu na inci. Maganar dafi kuwa ka bar ta a gida. Maharban ƙasarmu na shafa kwankwani a kibiya, a nan laifi ne babba.

Rumfar ɓuya. Wani ɗan tanti ne mai launin daji, cikinsa baƙi, mai tagogi. Ka duba tsayinsa da faɗinsa, ka zauna ciki ka gwada jan baka kafin ka biya. Abin mamaki, tsuntsun da ke ganin ƙiftawar ido ba ya damuwa da tanti, ko yau ka kafa shi a tsakiyar fili zai wuce ta gefensa. Sai kujera marar hannu wadda ba ta ƙara.

Talotalon roba. Mace ɗaya da saurayin namiji ɗaya. In kuɗi bai kai ba, macen kaɗai.

Abin kira. Iri uku ne: ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa, ɗan faranti na dutse ko gilas da ake zana wa sanda, da ɗan siririn da ake mannawa a dasashin baki. Ka fara da akwati, ya fi sauƙi. Na bakin shi ne na mai baka, don yana barin hannuwanka biyu, amma makonnin farko shaƙe ka zai riƙa yi.

Sauran: tufafi masu launin daji, baƙar riga da baƙin safar hannu da abin rufe fuska na sawa a cikin rumfa, tocila ta goshi, wuƙa mai kaifi, biro, da maganin kaska na fesa wa tufafi. Kaskar dajin nan na ɗauke da cutar Lyme, ba abin wasa ba ce.

Mataki na 1: Takardu

Kafin komai, lasisi. Wanda bai taɓa riƙe lasisin farauta ba sai ya yi kwas ɗin koyar da mafarauta ya ci jarrabawa. In kana son ɗanɗanawa tukuna, akwai lasisin ɗan koyo, da sharaɗin wani babba mai cikakken lasisi ya kasance tare da kai. Bayan lasisi akwai takardar izinin talotalo, ita daban ake saya. Duka ana samu a manhajar HuntFish OH.

Lokacin farautar da nake magana a kai yana kamawa ne daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu, sanyi ya janye, mazan na neman mata. Mai gemu kaɗai ake harbi, wato mai tuntun gashi a ƙirji. Kwanakin farko da tsakar rana ake tashi, daga baya a bari har faɗuwar rana. Ba a zuba hatsi don jan tsuntsu, ba a kira da na'ura mai lasifika, ba a harbin wanda ke kan bishiya. Gonar wani kuma sai da izininsa a rubuce, ka riƙe takardar a aljihu. In ba ka san mai gona ba, akwai dajin gwamnati, irin su dajin ƙasa na Wayne. Ranaku da adadin da aka yarda a kashe suna sauyawa, don haka ka karanta ɗan littafin dokokin shekarar da kanka, kada ka tsaya a "an ce".

Wannan tsanani yana da dalili. Zuwa 1904 babu talotalon daji ko ɗaya a Ohio, sare daji da harbi ba ƙa'ida sun ƙarar da su. A shekarun 1950 aka kamo wasu daga wasu jihohin aka sake, aka buɗe farauta a 1966 a gundumomi tara, aka kashe guda 12 kacal. Sai a 2000 aka buɗe duk gundumomi 88.

Mataki na 2: Koyon harbi a zaune

Ka ba kanka wata biyu aƙalla. Makonnin farko ka tsaya a yadi 10 har kibau uku su riƙa haɗuwa wurin da tafin hannu zai rufe, sannan ka ja baya zuwa 15, zuwa 20. Daga nan ka daina harbi a tsaye gaba ɗaya. A kan kujerar da za ka kai daji za ka zauna, sanye da safar hannu da abin rufe fuskar, in da hali a cikin rumfar. Ka koyi ja a hankali, kibiya na kallon abin harbi tun daga farko, ka riƙe kana ƙirga talatin kafin ka saki.

Mako biyu kafin a buɗe, ka sadaukar da bakin farauta ɗaya ka gwada shi, don wani lokaci ba ya faɗawa inda na koyo ke faɗawa. Ka sa wa kanka iyaka: yadi 20, ba ƙari. Kuma ko da wasa kada ka saki tsirkiya babu kibiya a kai, bakan na iya tarwatsewa a hannunka.

Mataki na 3: Kira

Kukan mace kake kwaikwayo, kuma uku sun ishe ka: kiran "ina kake" mai gaɓa biyar zuwa bakwai a jere, ɗan gajeren "ƙut" na tsuntsuwar da ke kiwo hankali kwance, da gurnani mai taushi. Ka saurari na gaske a YouTube. Kada ka damu da daɗin murya, na taɓa jin macen gaske da in mutum ne ya yi irin kukanta sai a yi masa dariya. Tazarar gaɓoɓin ita ce abin koyo. Na baki kuwa a mota ake koyonsa, in ba haka ba uwargida za ta kore ka da shi.

Mataki na 4: Leƙen daji

A nan ake cin farautar ko a faɗi. Mako biyu kafin buɗewa ka je da asuba ba tare da baka ba, ka hau tudu ka kasa kunne. A kan bishiya suke kwana, galibi manyan itatuwa kusa da rafi ko gefen tudu, kuma tun kafin gari ya waye namiji ke fara wannan gulu-gulun nasa, wanda zan kira cara. In ya yi shiru, kwaikwayi kukan mujiya, da rana kuma na hankaka. Ƙara ta ba-zata na sa shi ya amsa ba da niyya ba. Kada ka yi masa kukan mace a lokacin leƙe, karatu kake ba shi kyauta.

Da hantsi ka zaga ka karanta ƙasa. Sawun namiji ya kai santimita 10 ko fiye. Kashinsa dogo ne mai lanƙwasa a kai kamar ƙugiya, na mace a dunƙule yake kamar dodon koɗi. Inda ka ga an tone busassun ganye, kiwo suka yi. Inda ka ga ɗan rami a turɓaya da gashi a ciki, wurin birgimarsu ne, kamar na kaji. Abin da ya fi duka daraja shi ne layi biyu siriri a ƙasa da sawu a tsakiya: nan namiji ke jan fiffike yana taƙama, kuma gobe ma nan zai dawo. Abin da kake son sani shi ne inda suke kwana, inda suke sauka, da inda suke dosa.

Mataki na 5: Kafa rumfa

A ƙarshen Afrilu rana na fitowa wajen 6:30. Ni nakan yi sallar asuba a gefen mota da zarar lokaci ya shiga, na shige da tocila a kashe ko a rufe da yatsu. Kada ka matsa wa makwancinsu. Yadi 100 zuwa 150 ya isa, a kan hanyar da suke bi. Ka sa rana a bayanka don cikin rumfar ya zauna da duhu. Tagogin baya duka a rufe, na gaba ɗaya ko biyu kawai, kai kuma ka ja kujera can baya. Ka share ganyen da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Talotalon roba a yadi 8 zuwa 10, ba nesa ba, domin ko ya toge kafin ya iso yana cikin iyakarka. Saurayin roban ka juya fuskarsa gare ka. Babban namiji gaba da gaba yake tunkarar abokin hamayya, sai ya zagayo ya ba ka baya, abin da kake nema ke nan. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A gaban talotalo kimar nan ɓacewa take. In ba ka da na'urar auna nisa, auna da taku ka kafa ƙirare a yadi 10, 15 da 20.

Kuskuren da ya cinye mini tsuntsun farko a nan yake. Abin saitin da ke jikin baka yana sama da kibiya da 'yan incina. Na ga namiji tas ta taga, na saki, sai ji na yi "ɓat", kibiyar ta daki leɓen tagar na ƙasa ta nitse a ciyawa yadi biyar. Shi kuwa ƙafa me na ci ban ba ki ba. Tun daga ranar, da na zauna sai na ja baka sau ɗaya na duba ta inda kibiyar kanta za ta fita. In tagarka mai raga ce, baki mai buɗewa ba ya bi ta ciki, rezar na iya buɗewa tun a ragar. Ka zuge ta.

In babu rumfa, nemi bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi ka jingina, ka tara busassun rassan da suka faɗo a gabanka, ka tabbata akwai wasu itatuwa tsakaninka da inda zai ɓullo, don ka ja baka lokacin da kansa ya shige bayan ɗaya. Ana yi, amma sau goma zai kama ka kafin ka kama shi sau ɗaya.

Wata magana da ba ta wasa ba: mu da muka taso muna jin labarin maharbi da burtu a ka, yana rarrafe har ya shiga cikin namun daji, kada mu kawo wannan dabarar nan. Akwai masu rarrafe a bayan wutsiyar talotalo, amma dajin nan cike yake da masu bindiga da ke neman abin da kake kwaikwayo. Kada ka bi cara da sanɗa, mai yiwuwa wani ne ke kira. Kada ka sa ja, fari ko shuɗi, launin kan namiji ne. Baƙar rigar ma sai ka shiga rumfa. Talotalon roba a cikin jaka ake ɗaukarsa. In ka hango wani mafarauci, kada ka ɗaga hannu, yi magana da ƙarfi.

Mataki na 6: Kira da jira

Gari ya fara haske, yi kira biyu ko uku a hankali. In ya amsa, ya san inda kake, har bishiyar da kake kusa da ita. Yi shiru. Da ka ji fukafukinsa ya sauko, ƙara ɗan kira, sannan ka bar shi ya neme ka.

A ɗabi'arsu, namiji ke cara mace ta je wurinsa. Kai so kake ka juya abin, shi ya sa yakan zo yadi 60 ya tsaya yana kumbura yana jiran "ta" ƙaraso. Mai koyo a nan yake ƙara kira, shi kuma ya ƙara kafewa. Ajiye akwatin. Ka ɗan tona ganye da hannu kamar mai kiwo. Minti goma, ashirin, shiru kake ji malam ya ci shirwa. Sau da yawa wannan shirun alamar yana tafe ne. Kafin ka gan shi za ka ji wani "fit… duum" can ƙasa-ƙasa, kamar a ƙirjinka ake bugawa. In ka ji wannan, yana kusa ƙwarai, kada ko kai ka juya.

In ya bi matan gaske ya tafi, kada ka naɗe kaya. Daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya matan kan zame su tafi sheƙa, ya rage shi kaɗai, ya tuna inda ya ji kira da safe. Yawancin waɗanda na samu a wannan tsakanin ne, lokacin da sauran mafarauta sun tafi karin kumallo.

Mataki na 7: Saiti da saki

Fara tabbatar da gemu, wato tuntun gashin da ke rataye a ƙirjinsa. Saurayi gemunsa gajere ne, gashin tsakiyar wutsiyarsa ya ɗara sauran tsawo. Doka ta yarda da shi, kuma ba abin kunya ba ne a karon farko. Ka duba bayansa ma, kada akwai wani tsuntsu ko mutum.

Lokacin ja shi ne sa'ad da ya buɗa wutsiya ya ba ka baya, wutsiyar ta rufe masa ido. In ya tsaya a haka, saiti gindin wutsiyar, inda gashin ya haɗu. In ya ba ka gefe, bi ƙafarsa da ido zuwa sama har wajen da fiffike ya haɗu da jiki. In yana fuskantarka, ɗan sama da tushen gemu. Kuskuren kowa shi ne harbin ƙirji, don nan ne ya fi cika ido, alhali tsoka ce zalla. Huhu da zuciya suna sama, kusa da ƙashin baya. In za ka kuskure, gara sama da ƙasa. Wanda ya kumbura kuma rabinsa gashi ne, in ka iya jira ya saki jiki ya miƙe, ya fi. Ba a harbin mai tafiya. Ɗan "ƙut" da na baki zai tsayar da shi.

Ka yi niyya, ka yi bisimilla a hankali lokacin saki. Abin da kaifin kibiya ya huda ya kashe bayan an ambaci sunan Allah halal ne. In ka iske shi da sauran rai, sai ka yanka.

Mataki na 8: Bayan kibiya ta tashi

In ya faɗi yana shure-shure, fita da sauri, ka taka wuyan ko ka danne fukafukan. Ka yi hattara da ƙaimin ƙafarsa, yana tsaga hannu, da kuma rezar da ke jikinsa. In ya gudu ko ya tashi, kada ka bi. Kafa masa ido har ya ɓace, riƙe bishiyar ƙarshe da ya wuce, ka zauna rabin awa zuwa awa ɗaya. Gashi na shanye jini, ba za ka ga sawun jini sosai ba. Mai rauni ba ya nisa, yakan cusa kai ƙarƙashin faɗaɗɗen icce, cikin ƙaya, ko gaɓar rafi. Ka tafi da kibiya a ɗane, kana leƙa duk wani surƙuƙi.

Mataki na 9: Rajista da gyara

Kafin ka ɗaga shi, cike takardar izininka. Sannan ka yi masa rajista ta manhaja ko ta waya kafin 11:30 na daren ranar, ka rubuta lambar da za a ba ka. Wajen fita, naɗe shi a jaka ko a ƙyalle mai launin lemo, kada ka saɓo shi a kafaɗa kai na lilo.

Cire kayan ciki da wuri, musamman in kibiyar ta bi ta hanji, ka wanke, ka sa ƙanƙara. Fige yana yi in jikin na da ɗumi, amma feɗe fatar ya fi sauri. Ƙirjin ba shi da kitse kamar na kanti, yana saurin bushewa a wuta. Ni nakan yanka shi fale-fale, na shafa mai da ƙuli-ƙuli da yaji na yi tsire. Cinyoyin kuwa, da yawa daga mafarautan nan ba sa damuwa da su, wai sun yi tauri da jijiya. Tauri kam akwai, tsuntsu ne da ya yi rayuwarsa yana hawan tudu. Ka zuba su a tukunya da citta, masoro, kanumfari da attaruhu, wuta ƙasa-ƙasa, awa uku zuwa huɗu, har naman ya saki, ka zare jijiyoyin da hannu kamar tsinken tsintsiya.